Daga Motar Kara zuwa Shaihu Umar: Tarihin Kayan Kwaikwayonmu

A birnin Liyon na ƙasar Faransa akwai wani gidan tarihi wanda ya sha bamban da irin waɗanda muka saba shiga. Ba a ajiye takobin wani sarki a cikinsa ba, balle sulken wani barde. Abin da aka tara a ciki iri biyu ne: kayayyakin da aka yi aiki da su wajen shirya finafinai, da kuma wasu 'yan ƙananan ɗakuna da aka ƙera da hannu, waɗanda yawancinsu ba su wuce girman akwatin talabijin ba. Wani masassaƙi mai suna Dan Ohlmann (sunansa ke nan na yanka, ba wai ɗan wani Ohlmann ba ne) shi ya buɗe gidan a shekarar 2005, a cikin wani tsohon gini na ƙarni na 16 da ke tsohuwar unguwar birnin.

Mai ziyara yakan fara cin karo da shagon wani mai haɗa turare na birnin Faris ta ƙarni na 18, da kwalabensa da tukwanensa, wato ainihin dandalin da aka shirya domin fim ɗin Perfume na 2006. Daga nan sai dodanni, cikinsu har da uwar dodannin finafinan Alien, da fuskokin roba, da bindigogin ƙarya, da tufafin 'yan wasa. In ya hau sama sai ya tarar da 'yan ɗakunan nan, sama da 100, a jere cikin gilashi. Ƙa'idar da aka fi bi wajen ƙera su ita ce, abin da ya kai ƙafa ɗaya a zahiri, inci ɗaya ne a nan. Akwai ɗakin cin abinci na Maxim's da ke Faris, akwai shaguna da ɗakunan karatu da ɗakunan kwana. Abin lura a aikin Ohlmann shi ne bai cika sa mutum a ciki ba. Kujera ce a ture, ko tabo a bango, ko ƙura a kan kanta, su ke gaya wa mai kallo irin mutanen da suka zauna a wurin. Ba kuma abin mamaki ba ne a sami irin wannan gida a Liyon, domin kuwa a nan ne 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, suka ɗauki hoton ma'aikata suna fitowa daga masana'antarsu a 1895, wanda ake lasafta shi cikin finafinan farko a duniya.

To, mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa wannan da mu marubuta, musamman mu na yankin Ikara da Maƙarfi da Kudan? Abin da ya haɗa mu shi ne, waɗannan fasahohi biyu da aka gina wa gida a Liyon duk muna da su tun kaka da kakanni. Bambancin kawai shi ne namu yakan ƙare ne a murhu ko a juji kafin shekara ta zagayo.

Kafin mu zo gida, bari mu ga abin da ƙaramin samfuri yake iya yi wa tarihi. A shekarar 1920 wani masanin tone-tone ɗan Amurka, Herbert Winlock, yana aiki a kabarin wani babban bafaden Fir'auna mai suna Meketre, kusa da garin Luksor na Masar. Ɓarayi sun riga sun wawashe kabarin tun zamanin da, amma akwai wani ɗan lungu da idonsu bai kai ba. Da aka buɗe shi sai ga 'yan samfurori na itace: rumbun hatsi da magatakarda suna rubuta abin da aka auna, da ɗakin masaƙa, da shagon kafinta, da gidan burodi, da jiragen ruwa, da maigidan kansa zaune a rumfa ana kora masa shanu yana ƙirga. Shekarunsu sun kusa 4,000. Yau wasunsu suna Alƙahira, wasu suna Niyok. Rubuce-rubucen jikin bango sun faɗi sunayen sarakuna da yaƙoƙinsu, amma yadda masaƙiya take zama da yadda ake zuba hatsi a rumbu, waɗannan 'yan itatuwa sun nuna su fiye da kowane rubutu. Haka ma a jiharmu ta Kaduna, mutum-mutumin yumɓu na Nok ya buɗe wani babi na tarihi wanda babu littafin da ya ambace shi. Kan da aka kai wa Bernard Fagg a 1943, wani ma'aikacin haƙar kuza ne ya kafa shi a gonar doyarsa don tsorata ɓarayin amfanin gona, kafin a gane darajarsa. Irin waɗannan kaya su suka zama harsashin gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

A ƙasarmu gwanayen ƙera ƙaramin abu yara ne, kuma kayan aikinsu kara. Da zarar an yanke dawa, kaka ta kankama, sai masana'anta ta buɗe a kowane ƙofar gida. Yaro zai sami kara mai kyau, ya fere ɓawonsa siriri-siriri, ya yanyanka totuwar gunduwa-gunduwa, ɓawon ya zama ƙusa, totuwar ta zama katako. Da wannan ake ƙera mota da tayoyinta na sakaina, da keke, da tabarau, da jirgin sama, da rediyo har da eriyarsa. A bakin rafi ko kududdufi kuwa laka ce: doki da mahayinsa, raƙumi, sa mai tozo, gida da zaure da rumbu. 'Yan mata kuma suna da 'yar tsana, wadda ake yi wa kitso da ɗinki, a yi mata biki, a jera mata kayan ɗaki, 'yan tukwane da 'yan tasoshi da ɗan gado. Wanda ya ga jeren ɗakin 'yar tsana ya ga jeren ɗakin amaryar wannan zamani, domin yarinya abin da ta gani a ɗakin yayarta shi take kwaikwayo. A wuri irin Hunƙuyi, inda ginin tukwane ya yi suna, ba a rasa ɗan tulu da 'yar tukunya da aka gina musamman domin yara.

Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, wannan wasa yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihin ƙasa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta Likoro da Gimi, kuma yaron da ya ga jirgi ya wuce ba zai koma ya ƙera raƙumi kawai ba. Da manyan motoci suka karɓe hanyar Zariya zuwa Kano, suna tsayawa Tashar Yari suna lodin rake a Maƙarfi, sai motar kara ta sami bodi da yaron mota a maƙale a baya. Da aka buɗe kamfanin harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, sai a-kori-kura ta shiga jerin abin da yara ke ƙerawa. Kayan aikin ma sun canza: langa-langar da ake ɗaure dilar kaya da ita ta kawo motar langa-langa, gwangwanin madara da na tumatir suka kawo motar gwangwani, tsohon silifa ya ture sakaina a wajen taya. Da an ce wani malamin makaranta a Ikara ya riƙa ɗaukar mota ɗaya kowace kaka yana ajiyewa a saman kabad, tun daga zamanin En'e zuwa yau, da yanzu muna da tarihin sufuri na ƙasar Zazzau a jere, kamar yadda idon yaro ya gan shi. Sai dai kara abincin gara ne, kuma uwar da itace ya ƙare mata ba ta tambayar wa ya ƙera.

Wani zai ce ai addini ne ya hana mu ajiye irin waɗannan abubuwa. Gaskiya ne malamai suna da magana a kan sassaƙa surar mai rai, amma sun yi rangwame a kan 'yar tsanar yara, kuma babu wanda ya taɓa hana siffanta mota ko rumbu ko zaure. Ɗakunan Ohlmann ma, kamar yadda muka faɗa, yawancinsu babu mutum a ciki. Magina na birnin Zariya sun daɗe suna zana keke da agogo da takobi a fuskar gidaje, ba wanda ya ce uffan. A ganinmu raini ne kawai: abin yara ne, an gama magana.

Ta fuskar kayan kwaikwayo kuma, tun kafin a san majigi muna da namu. In azumi ya kai goma, 'yan tashe sukan fito da gemun auduga da rawanin tsumma da tumbin da aka cusa wa ƙyallaye. Tsoho da Gemu yana da sandarsa, Jatau Mai Magani yana da ƙunshin saiwoyinsa, kuma duk mai kallo yana gane wanda ake nufi tun kafin a buɗe baki, saboda shigar ta riga ta yi magana. A fada akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki sukan yi shigar sarki da fadawansa su kwaikwayi zaman fada. A ƙauyuka akwai kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, inda samari sukan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu. Kalankuwa ta fi kowanne saurin ɗaukar sabon abu, domin da mulki ya canza sai muƙamai su canza, a sami gwamna da likita da soja mai bindigar itace. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya yi bayanin waɗannan wasanni a littafinsa Hausa a Rubuce na 1988. Bayanin yana nan a takarda. Hular kwalin da gwamnan kalankuwa ya sa kuwa, ruwan farko na damina ya tafi da ita.

Majigi ya shigo mana ne a bayan mota. Turawan mulki sun kafa hukumar shirya finafinai ta ƙasashen da suke mallaka a 1939, ƙarƙashin William Sellers, wanda tun yana jami'in kiwon lafiya a Nijeriya yake amfani da fim wajen wa'azin tsabta. Motar takan tsaya a ƙofar gidan hakimi, a kafa farin ƙyalle, mai fassara ya riƙe lasifika. Fim ɗin da ya fi zama a zukatan dattawanmu shi ne Baban Larai na shekarun 1950, wanda aka shirya domin koyar da noman auduga, kuma ƙasar Zazzau ƙasar auduga ce. A irin waɗannan finafinai kayan wasan ba ƙera su aka yi ba. Garma ce ta gaske, da buhun gaske, da rigar manomin gaske, saboda haka duk wanda ya sami kallon su yau yana kallon gidan tarihi ne mai motsi.

Daga cikin waɗanda suka koyi aiki a wannan fage akwai Adamu Halilu, kuma a nan labarin ya zo ƙofar gidanmu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar a sakamakon gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933. Duk wanda ya karanta littafin zai tuna cewa da aka yi wa Makau ƙazafi aka kore shi daga Kagara, garin da ya nufa ya kafa sabon zama shi ne Maƙarfi, kuma tafiyar da mahaifiyar Umar ta yi zuwa Fatika wajen iyayenta ita ta ba da kafar sace yaron. Wato Maƙarfi tana cikin ɗaya daga littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa na boko, a matsayin garin da korarre yake samun gona da mutunci. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da littafin wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, aka nuna shi a lokacin bikin FESTAC na 1977.

Mai karatu ya tsaya ya auna abin da wannan aiki ya ci. Labarin ya faru ne a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin hari da cinikin bayi, kuma ya tashi daga ƙasar Hausa ya ƙetare Sahara. Dole a nemo sirdi da linzami da lifidi, da mari da sarƙa, da kayan ayari, da alkyabbar fada, da allo da gafakar almajiri, da tufafin Larabawan fatauci. A 1976 akwai sauran tsofaffin da aka haifa kafin zuwan Turawa, akwai kuma 'ya'yansu birjik, waɗanda za su dubi ɗaurin rawani su ce ba haka ake yi ba. Wannan dama ba za ta sake dawowa ba. Duk da haka, ba kayan kaɗai ba, fim ɗin kansa sai ya ɓace daga idon jama'a shekaru da dama, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa cikin tarin tsofaffin finafinai a wani ginin Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Legas, bisa ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a watan Fabrairun 2018, tsawonsa minti 142. Mutanen Jamus suka zauna suka kalli labarin Makau, alhali yawancin jikokin mutanen garin da ya karɓe shi ba su taɓa sanin an yi fim ɗin ba.

Abin da ya biyo baya ba sai mun tsawaita ba, domin a gabanmu aka yi shi. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya fito da su Ƙasimu Yero, mutumin Zariya, da Usman Baba Pategi, wanda kakin Samanja ya zame masa fata ta biyu. Ƙasimu ya rasu a 2017, Samanja a 2023. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, aka shiga zamanin kaset, kuma kafin shekara goma mujallar Tauraruwa ta raɗa wa harkar suna Kannywood. Finafinai dubbai aka yi tun daga lokacin, yawancinsu da kayan aro: gidan aboki, motar maƙwabci, rigar da za a mayar wa mai ita da yamma. Abin da aka ara ba ya zama a ajiye. A 2016 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, maƙwabtanmu ta arewa, amma aka janye bayan suka mai zafi daga malamai da jama'a. Ko me mutum yake gani game da wannan taƙaddama, ɗakin ajiyar kaya bai taɓa zama abin da ake jayayya a kansa ba, kuma shi ma bai samu ba. Da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya fito a Netflix a 2021, mutanen Zazzau da dama sun koka cewa shiga da gine-gine da harshen ba na ƙasarsu ba ne. Kukan yana da hujja. Amma da mai shirya fim ɗin ya zo ya ce mu nuna masa ɗakin da muka jera kayan da za su gyara masa kuskure, da sai mu yi ta nuna masa bakin tsofaffi.

Wuri ɗaya da aka gwada kwaikwayo domin ceton tarihi, kuma ya shafe mu kai tsaye, shi ne Jos. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), yana cikin gine-ginen ƙasa mafi ƙayatarwa a Afirka ta Yamma, saboda bakan-gizonsa da ginshiƙansa. A shekarun 1970 aka yi masa sabon gini na siminti, wani sashe na tsohon ya tafi, sauran ya koma cikin sabon. Allah ya sa wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi ya zana shi. Da waɗannan awo aka sake gina kwatankwacinsa, da girmansa na ainihi, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, tare da wani yanki na ganuwar Kano da na gidan Sarkin Katsina. Dmochowski ya rasu a 1982, aka buga littafinsa mai juzu'i uku a 1990. Ruwan Jos ya sha yi wa waɗannan gine-gine lahani, domin ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, amma awon yana nan, kuma da shi kowane magini zai iya tayar da masallacin, babba ko ɗan ƙarami a kan tebur.

Mu marubuta abin ya fi shafa, domin mu ne muke gina ɗaki da kalmomi. Sau nawa muka karanta labarin da aka ce ya faru a zamanin Sarkin Zazzau Kwasau, amma amarya tana jera kwanonin samira, ko barde ya ɗaura abin da marubucin ya gani a fim ɗin Indiya? Marubucin bai yi da gangan ba. Bai taɓa ganin tasa da ƙoshiya da taskira a inda suke zama ba, kuma Gidan Makama na Kano ko gidan tarihi na Kaduna, duk da amfaninsu, sun fi ba da ƙarfi ga kayan sarauta da na yaƙi da na sana'a, ba yadda ɗakin talaka yake da hantsi ba. Ga misali na kusa: kafin injin mai ya yawaita, doki ne yake zagaya yana juya injin matse rake a gonakin Maƙarfi da Kudan, ruwan yana gangarawa, ana dafa shi a manyan kasake har ya zama mazarƙwaila. Matashin da zai sa wannan a labarinsa yau yana bukatar ya san ina dokin yake bi, ina mai tura rake yake tsugunawa, ina ake zuba ɓawon, wane ne yake kula da wuta. Dattawan da suka yi wannan aiki da hannunsu suna nan da ransu a garuruwanmu, haka ma waɗanda suka yi tashen ƙera motar kara suna yara. In aka haɗa dattijo ɗaya da magini ɗaya daga Hunƙuyi da ɗaurin kara guda, masana'antar mazarƙwaila za ta tsaya a kan tebur, a bisa awon inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, gidan Makau kuma da zaurensa da rumbunsa ba zai fi faɗin tabarma ba.